ƊIGON FITSARI GA MATA: Abin da fiɗa take gyarawa da abin da take bari

A wannan fili na kiwon lafiya za mu yi magana a kan wata lalura wadda mata da yawa suke fama da ita, amma kunya ta hana su faɗi. Mace ce za ta yi tari, ko atishawa, ko dariya, ko ta ɗaga tulu za ta aza a ka, sai ta ji fitsari ya kuɓuce mata ba da nufi ba. Wata ɗigo kaɗan ne, wata kuwa har zane ya jiƙe. Da yake lalurar ba ta kisa, kuma ba ta kwantar da mutum, dangi ba su cika ɗaukar ta ciwo ba. Amma mai ita ta san abin da take sha. Takan rage shan ruwa ko da ana zafin bazara, takan daina zuwa biki da suna, kullum tana cikin shakkar alwalarta, wani lokaci har zaman aure ya yi tsami. A takardar asibiti ana rubuta sunanta da faransanci incontinence urinaire d'effort. Mu a nan za mu ce mata ɗigon yunƙuri, tunda yunƙuri ne yake kawo ta.

Fiye da shekara 100 ke nan likitoci suna yi wa wannan lalura fiɗa, kuma sun ƙidaya waɗanda suka warke da waɗanda ba su warke ba. Wannan ƙidaya ce za mu shimfiɗa muku yau, da daɗinta da ɗacinta, domin Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Iri uku da bai kamata a haɗa su ba

Na farko shi ne ɗigon yunƙuri da muka ambata. Mai shi in tana kwance ko tana zaune shiru a bushe take, sai ta motsa da ƙarfi fitsari yake fita.

Na biyu shi ne matsuwa. Mace za ta ji fitsari ya matse ta farat ɗaya, kafin ta kai makewayi ya zuba. A nan mafitsara ce take matsa kanta ba da izini ba. Maganin wannan shi ne horar da mafitsara da ƙwayoyin da likita yake rubutawa. Fiɗar da ake yi wa ɗigon yunƙuri ba dominsa aka yi ta ba, har ma wani lokaci takan ƙara shi. Akwai kuma matan da suka haɗa iri biyun.

Na uku shi ne yoyon fitsari, wanda muka fi sani a ƙasarmu. Shi ɓula ce tsakanin mafitsara da farji, wadda doguwar naƙuda take haddasawa in kan jariri ya daɗe yana danne nama a jikin ƙashi har naman ya mutu. Mai yoyo tana jiƙe dare da rana, a tsaye ko a kwance.

Rarrabe su ba ya bukatar manyan na'urori. Likita zai tambayi mace yaushe fitsarin yake fita, ya sa ta yi tari da cikakkiyar mafitsara ya duba, ya auna fitsarin ko akwai ƙwayoyin cuta, ko sukari, ko jini irin na tsargiya. In yana zaton ɓula, sai ya ɗura ruwa mai shuɗin launi cikin mafitsara ya ga ko zai ɓullo ta gaba. Wannan awo shi ne tushen nasara, domin fiɗar da aka yi wa ciwon da ba shi ba, asarar jini ce da kuɗi.

Yadda jiki yake riƙe fitsari

Mafitsara jaka ce da take ɗaukar kusan rabin lita. Hanyar da fitsari yake bi ya fita gajera ce ga mace, ba ta wuce santimita 4 ba. Tana da naman da yake tsuke bakinta, kuma tana kwance bisa wata shimfiɗa ta tsoka da tantani a ƙasan mara. In mace ta yi tari, ƙarfin ciki yakan danno ƙasa. In shimfiɗar tana da ƙarfi, sai hanyar ta matse a kanta ta rufe, kamar yadda mai ban ruwa a garka yake taka tiyo bisa ƙasa mai tauri ruwa ya tsaya. In kuwa shimfiɗar ta saki, kamar ya taka tiyon ne cikin laka: tiyo zai nutse, ruwa ya ci gaba da wucewa.

Abin da ya fi sassauta wannan shimfiɗa shi ne ciki da haihuwa, musamman naƙuda mai tsawo da babban jariri. Sai ƙiba, da tari mai daɗewa, da taurin bayan gida, da ɗaukar kaya masu nauyi, da ɗaukewar haila in shekaru sun ja. Ƙidayar da aka yi a Nijar a 2012 ta nuna mace tana haihuwa sau 7,6 in an daidaita, ta 2021 kuma ta nuna 6,2. In aka haɗa wannan da daka, da jan guga, da ɗaukar itace, za a gane cewa maganar ta shafe mu ƙwarai.

Kafin a kai ga wuƙa

Likita na ƙwarai ba ya fara maganar fiɗa. A 1948 wani likitan mata na Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana yadda mace za ta horar da naman ƙasan mararta. Za ta tsuke shi kamar mai riƙe tusa da fitsari a lokaci guda, ba tare da ta matse ciki ko cinya ba, ta riƙe ɗan lokaci, ta saki. Ana so ta yi aƙalla sau 8 a jere, sau 3 a yini, har wata 3 ba fashi. Ba ya cin ko dala, kuma tana iya yin sa tana zaune tana tsintar hatsi ba wanda ya sani. Sai dai ya kamata ungozomar asibiti ta duba ta tabbatar naman da ya dace take tsukewa.

Rage ƙiba ma magani ne. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2009, an bi mata 338 masu ƙiba. Waɗanda aka taimaka suka rage kusan kilo 8 cikin wata 6, yawan kuɓucewar fitsarinsu ya ragu da kashi 47 cikin 100, na sauran kuwa da kashi 28. Akwai kuma wani zoben roba da ake sa wa a gaba ya tallafi hanyar fitsari, wanda ake iya cirewa.

To amma horo yana da iyaka. A ƙasar Holan an raba mata 460 masu ɗigo matsakaici ko mai yawa gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi aka fara da horo, rabi aka yi musu fiɗa. Sakamakon da ya fito a 2013 ya nuna bayan shekara guda, cikin kowace 100 da aka yi wa fiɗa 85 sun ce sun warke. A gidan horo 53 ne suka ce haka, kuma kusan rabin matan gidan sun koma sun nemi fiɗa kafin shekarar ta cika. Ma'ana, horo yana fisshe wasu, kuma ba ya cutar da kowa, amma mai ɗigo mai yawa sau da yawa sai an yi mata aiki.

Hanyoyin aikin da asalinsu

A 1913 Howard Kelly na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya bayyana yadda ake bi ta gaba a tattare naman wuyan mafitsara da ɗinki. Aikin yana da sauƙi, amma an lura da cewa bayan ƴan shekaru ɗigon yakan dawo wa mata da yawa, saboda haka yau ba a dogara da shi.

A 1961 John Burch, shi ma a Amurka, ya kawo hanyar da har yanzu take ɗauke da sunansa. Ana tsaga mara, a ɗinke naman da yake gefen wuyan mafitsara dama da hagu, a rataye shi ga wata jijiya mai ƙarfi da take jikin ƙashin mara.

Hanya ta uku ita ce majanyi. Kamar yadda uwa take tallafe goyo da majanyi don kada ya zame, haka likita yake ratsa wata ɗamara ƙarƙashin hanyar fitsari. Tun a 1942 aka bayyana yadda ake yanko ɗamarar daga tantanin cikin macen, a 1978 kuma Edward McGuire da abokin aikinsa suka gyara hanyar ta yaɗu. Ana iya yanko tantanin daga cinya. Wannan za mu kira shi majanyin jiki.

Babban sauyi ya zo a 1996, sa'ad da Ulf Ulmsten na ƙasar Suwidin ya bayyana majanyin roba, wanda ake kira TVT. Siririn ƙyalle ne saƙaƙƙe kamar raga, faɗinsa kamar santimita 1. Ana ɗan tsaga gaba, a shimfiɗa shi ƙarƙashin tsakiyar hanyar fitsari ba tare da an ɗaure ba, a fitar da bakinsa biyu ta bayan ƙashin mara. Nama yana tsirowa cikin ragar ya riƙe ta. Aikin bai cika wuce rabin awa ba. A 2001 Emmanuel Delorme na Faransa ya sauya hanyar, ya fitar da bakin ƙyallen ta matsematsi don a kauce wa mafitsara. Wannan shi ake kira TOT.

Hanya ta ƙarshe allura ce. Ana ɗura wani abu mai kauri cikin bangon hanyar fitsari ya kumbura ta, ta ƙara tsukewa.

Abin da ƙidaya ta nuna

Kafin mu ba da lambobi, ya kamata mai karatu ya san cewa kalmar warkewa fuska biyu gare ta. Akwai warkewar awo, wato likita ya sa mace ta yi tari bai ga komai ba. Akwai warkewar baki, wato macen da kanta ta ce a gida, da daka da dariya, ba ta ganin ko ɗigo. Sau da yawa lambar farko ta fi ta biyu girma. Saboda haka in aka ce maka aiki yana warkar da 90 cikin 100, ka tambaya: wa ya faɗa, kuma bayan shekara nawa?

A Ingila da Ayalan an gwada majanyin roba da aikin Burch a kan mata 344, aka buga sakamako a 2002. Bayan wata 6, awo ya nuna warkewar 66 cikin 100 ga majanyin roba, 57 ga Burch, bambancin da masu binciken suka ce bai kai a ce ɗaya ya fi ɗaya ba. Bayan shekara 5 ma hanyoyin biyu ba su yi wa juna nisa ba. Inda suka bambanta shi ne wahala: masu majanyin roba sun fi saurin fita asibiti da komawa aikinsu, masu Burch kuma sun fi bukatar wata fiɗar daga baya saboda zazzagowar gaba.

A Amurka an gwada majanyin jiki da Burch a kan mata 655, sakamako ya fito a 2007. Bayan shekara 2, ɗigon yunƙuri ya tafi ga 66 cikin 100 masu majanyin jiki, da 49 masu Burch. Da aka tsananta sharaɗi, aka ce sai wadda ba ta da kowane irin ɗigo, lambobin suka sauko 47 da 38. Majanyin jiki ya yi rinjaye, amma da tsadarsa: masu shi sun fi samun ciwon mafitsara, da wahalar fitar fitsari, da matsuwa.

A 2010 kuma aka buga gwajin majanyin roba iri biyu a kan mata 597. Bayan shekara guda, awo ya nuna nasara ga 81 cikin 100 na bayan ƙashin mara, da 78 na matsematsi. Da aka tambayi matan, lambobin suka zama 62 da 56. Ku dubi tazarar da take tsakanin awo da baki. Kowace hanya kuma da irin aibinta. Ta bayan ƙashi, an huda mafitsarar 5 cikin 100 a lokacin aiki, kuma kusan 3 cikin 100 sai da aka koma aka sassauta majanyin don fitsari ya ƙi fita. Ta matsematsi ba a ga waɗannan ba, amma 9 cikin 100 sun yi kukan sanyin ƙafa ko mutuwar fata a matsematsi, alhali a ɗaya gidan 4 ne.

Ita kuwa allura, a birnin Helsinki na Finlan an gwada ta da majanyin roba a kan mata 224, aka buga a 2020. Bayan shekara guda, 95 cikin 100 masu majanyi ba su ɗiga ba da aka sa su tari, masu allura kuwa 66. Amma matsalolin aiki sun fi yawa ga masu majanyi. Allura ta fi sauƙi, ƙarfinta ya fi kaɗan, kuma sau da yawa sai an maimaita.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, saboda haka sai a tambaya: aikin yana daɗewa? Likitocin Finlan da Suwidin sun bi mata 90 na farko da aka sa wa majanyin roba har shekara 17, suka ba da labari a 2013. Cikin waɗanda aka samu aka auna, fiye da 90 cikin 100 suna bushe, 87 cikin 100 kuma sun ce sun warke ko sun sami sauƙi mai yawa. Sai dai matan kaɗan ne, zaɓaɓɓu ne, ƙwararru ne suka yi musu aikin, kuma ba duka aka samu ba.

In muka tattara, mace 10 da aka yi wa aikin da ya dace, kamar 8 za su warke ko su sami babban sauƙi. Waɗanda za su ce ko ɗigo ba su ƙara gani ba, ba su kai haka ba. Ɗaya ko biyu kuma za su fita da abin da suka shigo da shi, ko da wata sabuwar damuwa.

Rigimar roba

Majanyin roba baƙo ne a jiki, kuma zama ya zo yi. Ga yawancin mata yana zaune lafiya. Ga wasu kuwa yakan ci nama ya ɓullo cikin farji, ko cikin mafitsara, ko ya kawo ciwo mai daɗewa a mara da cinya, ko zafi wajen saduwa. Cire shi ya fi sa shi wuya, domin nama ya riga ya tsiro a cikinsa.

A Ingila an duba takardun mata 95.057 da aka sa wa shi tsakanin 2006 da 2015. Bayan shekara 9, an cire shi ga kusan 3 cikin 100, an kuma sake yi wa 4 zuwa 5 cikin 100 wani aikin saboda ɗigo ya dawo. Lambar ƙarama ce, amma 3 cikin 100 na wannan taro mata dubbai ne, kuma ƙidayar ba ta haɗa da masu ciwon da ba a sake yi musu aiki ba. Matan suka haɗa kai suka kai kuka. A watan Yuli na 2018 hukumar lafiya ta Ingila ta dakatar da aikin sai da sharuɗɗa masu tsanani. A 2020 kwamitin da Julia Cumberlege ta shugabanta ya ba da rahoto cewa an daɗe ba a saurari kukan matan ba, kuma da yawa ba a gaya musu haɗarin ba kafin a yi musu aiki.

Sauran ƙasashe ba su bi hanya ɗaya ba. A 2019 Amurka ta hana sayar da ragar da ake sa wa ta gaba don zazzagowar mahaifa da mafitsara, amma ta bar siririn majanyin fitsari. Faransa kuma, a watan Oktoba na 2020, ta kafa doka cewa sai likitoci na fanni daban-daban sun zauna sun yi shawara a kan kowace mace, an yi mata cikakken bayani, kuma an ci gaba da duba ta bayan aiki. Darasin da ya rage mana shi ne: abin da aka sa a jikin mace, dole ta san sunansa, kuma a rubuta shi a takardar da za ta riƙe.

Bayan an ɗinke yoyon fitsari

A nan ne maganar ta fi kusa da gida. Mace takan sha wahalar yoyo shekara da shekaru, a kai ta asibiti a ɗinke ɓular, ruwan shuɗi ya nuna ta rufe, amma da ta miƙe tsaye sai fitsari ya biyo hanyarsa ta asali ya zuba. A takarda an yi nasara. A wurin macen da mijinta da kishiyoyinta ba abin da ya sake.

Dalili shi ne naƙudar da ta ɓula mafitsara ta kuma cinye naman da yake tsuke bakinta. Andrew Browning, likita ɗan Ostiraliya da ya yi aiki a Bahir Dar ta ƙasar Habasha, ya ba da labari a 2006 cewa kusan ɗaya cikin uku na matan da aka rufe musu ɓula sun ci gaba da ɗiga. Waɗanda abin ya fi samu su ne waɗanda ɓular ta taɓa hanyar fitsarinsu, da masu ƙanƙantacciyar mafitsara, da masu tabo mai tauri, da waɗanda aka sha yi musu ɗinki. Shi ne kuma a 2004 ya bayyana yadda ake yanko tsokar gefen farji a yi majanyi da ita tun a lokacin ɗinkin ɓular.

A Yamai ma an auna. Wani rahoto da aka buga a 2010 ya duba mata fiye da 100 da aka sa wa majanyi bayan ɗinkin yoyo. Nasarar ta yi ƙasa ƙwarai da wadda ake samu ga matan da ba su taɓa yoyo ba, kuma majanyin roba ya fi na jiki cin nama. Abin ba mamaki: naman da ya mutu ya bar tabo ba shi da isasshen jini da zai rufe baƙon abu. Saboda haka lambobin Turai da Amurka da muka lissafa a sama ba nasu ba ne, kuma masu wannan aiki sun fi son majanyin jiki gare su.

Wuraren aikin ba su fi ƙarfin tafiya ba. Akwai cibiyar ƙasa ta masu yoyon fitsari a Yamai, akwai ta Danja kusa da Maraɗi da aka buɗe a 2012, akwai kuma cibiyoyin uwa da yaro a manyan biranen jihohi, inda ake duba mace a tura ta inda ya dace. A maƙwabta, Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan, wanda ya fara wannan aiki a Babbar Ruga ta Katsina tun shekarun 1980, ya nuna cewa in aka sa wa mace robar fitsari da wuri bayan haihuwa, aka bar ta ƴan makonni, ƙaramar sabuwar ɓula tana iya rufewa ba fiɗa. Wadda ta ga fitsari yana bin ƙafarta bayan doguwar naƙuda, kada ta jira arba'in.

Yaushe ya kamata a yi aikin?

Shawarar likitoci ita ce a jinkirta fiɗar ɗigon yunƙuri har mace ta gama haihuwa, domin sabon ciki yana iya warware abin da aka gyara. Wannan shawara tana da nauyi a ƙasar da mace take fara haihuwa da ƙuruciya ta daɗe tana yi. Mai shekara 30 da take son ƙarin ƴaƴa, sai ta riƙe horo da zoben roba da tazarar haihuwa. In ɗigon ya hana ta rayuwa, sai a zauna da ita da mijinta a gaya musu gaskiya, su zaɓa da idonsu buɗe. Ita kuwa ɓula ba ta jiran a gama haihuwa. Wadda aka ɗinke wa yoyo, haihuwarta ta gaba a asibiti za a yi ta, ta hanyar fiɗa.

Ranar shawara, mace ko mai rakiyarta su yi waɗannan tambayoyi. Wane iri ne ciwona cikin ukun? Wane aiki za a yi, kuma za a bar roba a jikina? Likita ya saba yin wannan aiki? In fitsari ya ƙi fita, ko ciwo ya taso bayan na koma ƙauye, ina zan je? Mai tambaya ba ya ɓata, kuma likitan kirki ba ya fushi da ita.

Bayan aiki, sati 6 ba daka, ba jan ruwa, ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba saduwa. Wadda aka ɗinke wa yoyo kuwa, hutun saduwarta aƙalla wata 3 ne. Zazzaɓi, ko jini mai yawa, ko ruwa mai wari, ko fitsari ya ƙi fita, duk alamu ne na a koma asibiti nan take. Ko ba abin da ya faru, a koma ranar da aka sa, domin da wannan komawa ce likitocinmu za su san abin da aikinsu yake haifarwa ga matanmu, mu daina aron ƙidayar wasu.

Aikin kowa

Mazaje, sati 6 na hutu ba ya samuwa sai kun tsaya. Macen da aka sallamo yau, gobe ta kama taɓarya don ba mai yi mata, kuɗin mota da na magani sun tafi a banza. Ku nemo ƴar'uwa ta riƙe gida, ku biya kuɗin niƙa, ku yi haƙuri da shimfiɗa.

Ungozomomi da ma'aikatan gidajen likita na karkara, mace ba za ta fara faɗa muku ba. Ku tambaye ta a keɓe, ranar awon ciki da ranar rigakafin yaro, ku koya mata horo tun tana jego.

Masu mulkin jihohi da gundumomi, da sarakuna da masu gari, tun 2005 gwamnati ta ɗauke wa mata kuɗin fiɗar haihuwa, amma dokar ba ta amfanar wadda ta kwana biyu tana naƙuda a ɗaki. Naƙudar da rana ta fito ta faɗi a kanta ba a haihu ba, ta asibiti ce. Hanya da mota da izinin tafiya su ne rigakafin ciwon da ya fi wuyar gyara. Ranar 23 ga watan Mayu ta kowace shekara, tun daga 2013, duniya tana tunawa da masu yoyon fitsari. In ranar ta zo, a ƙidaya matan da suka bushe, kada a tsaya ga ɓular da aka rufe.

Malaman karatun manya kuma, ku karanta wannan shafi a ajin mata. Cikin masu sauraro akwai wadda take tsammani ita kaɗai ce, ko tana zaton tsufa ne, ko sammu. Ku gaya mata ciwo ne mai suna, mai dalili, kuma ga mafi yawan masu shi akwai sauƙi. Allah ya ƙara mana lafiya.